Mai Suwaita a Bazara

Ku da kuka cika mini akwatin saƙo da "Mansura, ki daina ja mana rai, me ya faru a Argungu?" to ku gyara zama. Waɗanda kuma yau suka fara cin karo da ni, sannunku da zuwa. Sunana Mansura. A Birnin Kebbi nake zaune da Innata da ƙanwata Nazifa. Shekaruna sun doshi talatin, ban yi aure ba, kuma wannan na ƙarshen shi ne ciwon kan duk wanda ya haɗa jini da ni.

Ni ba mai yawan magana ba ce. A Ambursa na tashi wurin kakata, cikin hayaƙin turara shinkafa, ban taka ajin boko ba sai da na zama budurwa. Ku hango ƙatuwa kamata a benci ɗaya da yaran da majina ba ta bar hancinsu ba. Wanda ya yi irin wannan zama dole ya koyi rufe baki ya buɗe kunne. Da sauraro na kai har na fita da difloma a fannin lantarki, na samu aiki a ɗan kamfanin Hajiya Zuhura, injiniya ce, mace mai kaifin ido. Aikinmu shi ne mu shiga gini mu gano ta inda zafi ke shiga, ta inda sanyi ke tserewa, da dalilin da ya sa janareta ke shan mai kamar raƙumin da ya iso rijiya.

Ana cikin haka sai ga Abdussamadu.

Ɗan Argungu ne, cibiyarsa na can binne, amma 'yan shekarun da ya yi a Abuja da leƙen da ya taɓa kai wa Dubai sun wanke masa baki tas. A rubuce dai ni ma Hausar littafi nake yi muku, amma a baki mu "mi" muke cewa. Shi "me" yake cewa, har da karkatar da leɓe, kamar kalmar tana da tsada. Kowa Injiniya yake kiransa. Ban taɓa jin sunan makarantar da ta ba shi wannan laƙabi ba, kuma ban tambaya ba. Kwangilar gini yake yi, yana da shagon janareta da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki.

Ranar da ya fara zuwa zance tsakiyar bazara ce, irin ranar da ƙadangare ma ke ɗage ƙafa in ya taka siminti. Na sa atamfata mai ruwan ganye, na ɗora farin hijabi, Nazifa ta shimfiɗa tabarma a zaure ta kai ruwan randa. Bai shigo ba. Yana cikin mota, inji na ruri, gilashi a rufe. Da na ƙarasa ya sauke gilashin kaɗan, iya yadda hancinsa zai fito. Shadda ce a jikinsa ruwan toka, ta sha ɗinki, hula ta zauna daidai, turare kamar an fasa kwalba. A kan shaddar kuma, jama'a, suwaita. Suwaita mai ruwan goro, mai maɓalli. A bazara. A Kebbi.

"Shigo mana, gimbiya," in ji shi. "Ni ba zan iya da zafin garin nan naku ba."

Garin nan naku. Na dube shi, na dubi suwaitar, na ce, "Nan ma ya isa."

Tun daga ranar wayata ba ta huta ba. Wasu 'yan mata furanni ake turo musu, wasu waƙa. Ni hoton rimot ɗin esi ake turo mini, lamba sha shida ɓaro-ɓaro a fuskarsa, ƙarƙashi kuma an rubuta:

"Kin ga inda nake yanzu. Haka ɗakinki zai zama, sai kin nemi bargo."

Sai in rubuta: "To."

"Kina da kunya, shi ya sa nake son ki."

"To."

Ni da aikina ke nan, na san abin da sha shida ke nufi: injin da ba ya hutawa, man da ke ƙonewa a banza, da mutumin da yake so a san yana da shi. Amma ban faɗa ba. Shi kuma bai taɓa tambaya ba. Tun da muke, bai taɓa yi mini tambayar da ya tsaya jiran amsarta ba.

Wanda ya kawo shi gidanmu Baba Ummaru ne, ƙanen mahaifina marigayi, kuma shi ne waliyyina. Shi ke shugabantar wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu, Abdussamadu kuma shi ya gina musu sabon ofishi. Baba ya taɓa ɗaukar Inna ya kai ta ta gani. Ta dawo tana atishawa, fuskarta cike da fara'a.

"Mansura, sanyi har cikin ƙashi! Mura nika yi, mura cikin bazara! Wanga yaro ya san duniya."

Nazifa ta ce, "Inna, Allah shi ƙara mura."

Inna ta jefe ta da mafici.

Bayan haka ba da daɗewa ba iyayen Abdussamadu maza suka kawo kwandon goro. Baba ya kira ni ɗakin Inna, na durƙusa. Ya ce, "Kin san yaron, kin san gidansu. Mi kic ce?" Na sunkuyar da kai ina haɗa kalmomi, don ni sai na jera magana a ciki kafin in fito da ita. Ban kai rabi ba na ji ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi, ta yi shiru."

Kun san yadda abin yake a wurinmu: in aka tambayi budurwa ta yi shiru, an gama. Inna ta rangaɗa guɗa. Aka tura kwandon bayan gadonta, aka rufe da jiƙaƙƙen buhu, kullum da safe tana yayyafa masa ruwa kamar jariri. Baba ya ce ranar Juma'a mai zuwa bayan masallaci za a raba wa dangi da maƙwabta. Goron nan in ya shiga gidajen mutane, ba ya komowa. Daga ranar na zama matar mai suwaita, sai dai jiran ɗaurin aure.

Ranar Litinin ta makon Hajiya Zuhura ta kira ni ofishinta. Fanka ɗaya ke juyi, taga a buɗe ta gefen inuwa, kuma ba wanda ke gumi.

"Ƙungiyar baffanki na kuka. Mai na cinye su, janareta na mutuwa kullum da rana. Suna so a duba musu gini. Wanda ya yi ginin ne ya ce a turo ki, wai ke ta gida ce." Ta cire tabarau ta kafe ni da ido. "Abin da na'ura ta gaya miki shi za ki gaya musu. In ba za ki iya ba, faɗa mini yanzu in tafi da kaina."

"To."

"Wannan 'to' ɗin naki, Mansura, ban san ko buɗe ƙofa yake yi ko rufewa ba."

Ban kai ga kujerata ba wayata ta yi ƙara, saƙon Abdussamadu ne.

"An gaya miki? Ƙaramin aiki ne. Janaretan ne ya yi wa ginin kaɗan. Ki ce musu a sayi babba, a ƙara esi. Duk akwai a shagona. Abin ai namu ne ni da ke."

Na karanta, na sake karantawa. Na rubuta: "Na gani."

Ya turo hoton zuciya. Sannan ya turo rimot.

Ranar Laraba da hantsi na sauka Argungu da jakar kayan aikina. Tun daga kan titi ginin ya soke mini ido. Bene ne hawa ɗaya, gabansa gilashi tun daga ƙasa har sama, shuɗi mai ƙyalli, kuma yamma ya fuskanta, don ta nan titi ya bi. Rufin kwano ne baƙi-ƙirin, wai shi ake yayi. A gaban ginin ga kututture uku, manya, kowanne sai mutum biyu su zauna a kai. Manoma daga Gulma da Zauro sun zo karɓar iri, sun jeru a jikin katanga suna rabon 'yar siririyar inuwar da ba ta kai faɗin tabarma ba.

Na gaishe su. Wani dattijo mai farin gemu, Malam Tamba daga Gulma, ya ga ina kallon kututturen.

"Dogon yaro ne, ɗiyata, ukku. Nan muka zama tun ƙungiya tana cikin shago. Injiniya yas sa anka sare, wai suna ɓoye gilashi ga masu wucewa bisa hanya."

"Yanzu ana ganin shi?"

"Ƙwarai. Har ido shi yi ruwa."

Na shiga. Ofishin Baba na ƙasa, esi biyu suna huci a ciki, duka a kan sha shida. Baba na zaune ya yafa mayafin Makka a kafaɗa. Ƙofar kuwa a wangale take, an tokare ta da buhun shinkafa, sanyin yana kwarara waje yana bin baranda har tsakar fili, yana sanyaya wa rana ƙafa.

Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ko a tura ƙofar nan?"

Ya dube ni kamar na ce a rufe masallaci.

"In rufe ƙofa? Ga jama'a? Ubana, kakanki, bai rufe zaurenai ba har yab bar duniya. So kike a ce Ummaru ya samu kujera ya kulle kanai?"

Wannan ban raina ba. Na san zauren da yake faɗa, na sha fura a cikinsa. Wanda na raina shi ne mutumin da ya san Baba, ya san ba zai taɓa rufe ƙofa ba, ya kuma sayar masa da esi biyu.

Na zaga ginin. Ɗakunan baya inda ma'aikata ke zama kamar cikin tukunya, esin su na ƙara amma iska mai ɗumi yake fitarwa, ragar cikinsa ta toshe da ƙura da ƙaiƙayi. Na hau tsani na ɗaga murfin silin na leƙa: daga baƙin kwano sai silin, ba komai a tsakani, wani hucin zafi ya mare ni har na kusa sakin tsanin. Na fita waje na tarar da injinan esin duka an jera su a bangon yamma, cikin rana tsirara, don can ne wayar ta fi kusa. Ina da 'yar na'urar awon zafi, irin wadda aka riƙa nuna mana a goshi lokacin korona. Duk inda na nuna ta, sai in ji kunya ta kama ni a madadin wani.

Wani ma'aikaci ya ce mini janaretan kullum tsakanin azahar da la'asar yake mutuwa. Na koma wurin Baba na roƙe shi a yi taron a daidai wannan lokaci, a ɗakin taro na sama. Ya ce to. Eh, da gangan na yi. Ku rubuta a inda kuke rubutawa.

Bayan azahar dattawan ƙungiya suka hallara, manyan riguna, carbi a hannu. Malam Tamba ma ya hau, don shi ne wakilin Gulma. Ni kaɗai ce mace, na zauna can ƙarshen tebur kusa da ƙofa. Rana ta fara leƙowa ta gilashin. Can sai ga ƙamshi ya shigo, bayansa Abdussamadu: farar shadda, agogo mai nauyi, makullin mota yana kaɗawa a yatsa. Suwaitar yau shuɗiya ce, ta dace da gilashin.

Ya yi magana mai tsawo. Ya ambaci Dubai har na daina lissafi. Ya ce gini na zamani abinci yake so, abincinsa kuwa wuta. Ya ce matsalar mutanenmu ita ce son arha. Ya ce da babban janareta da ƙarin esi, ko gwamna ya shigo nan sai ya nemi bargo. Sannan ya juyo ya yi mini murmushin da yake yi wa rimot.

"Mun riga mun tattauna da Mansura, ta duba komai, ta amince. Ko ba haka ba, gimbiya?"

Gimbiya. A gaban iyayena.

Na sunkuyar da kai ina jera kalmomi. Ta ina zan fara, rufi ko gilashi? Yaya zan faɗa ba tare da na taɓa Baba ba, shi da ya tsaya wa mutumin nan a gaban waɗannan dattawa? Ina cikin haka na ji tafin hannu, irin na ɗakin Inna sak.

"To, alhamdu lillahi, ta yi shiru. Ke nan sai a..."

Na ga kwandon goro ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu. Na ga kaina cikin bargo a bazara har ƙarshen rayuwata.

"Baba," na ce, "ban gama ba. Ban ma fara ba."

Carbi ya tsaya a hannuwa.

"Don Allah, Baba, ka taso ka ɗora tafinka a kan gilashin nan."

Ya dube ni, ya dubi dattawa. Ya tashi a hankali, ya tattara riga, ya je ya ɗora. Bai kai ƙiftawar ido ba ya fizge hannun yana yarfewa.

"Subhanallahi! Wanga ai tanda ce! Ana iya toya masa bisa nai!"

"Ita ce ke dafa ku, Baba. Daga azahar har faɗuwar rana, duk zafin da ke waje ta nan yake shigowa, itatuwan da ke tare shi kuma an sare. Sama baƙin kwano ne yana shan rana yana zubo muku. Injinan da za su fitar da zafin an ajiye su cikin rana, su ma neman mai yi musu fifita suke. Janaretanku bai yi kaɗan ba. Ginin nan ne randa mai huda, ana ta ɗura mata ruwa. In kun sayi babba, hudar tana nan."

Wani dattijo ya ce, "To mi za a yi?"

"A shafa wa rufin farin fenti, a shimfiɗa abin tare zafi a kan silin. A mayar da injinan gefen inuwa, a wanke ragarsu. A daina sha shida, a sa ashirin da huɗu a kunna fanka, ba wanda zai yi gumi, ba wanda zai yi mura. A sake dasa dogon yaro. Kafin su girma kuma, a kafa doguwar rumfa a gaban gilashin nan, daga wannan kusurwa zuwa waccan. In an yi haka, janaretan da kuke da shi ya ishe ku har ya yi saura."

Abdussamadu ya fashe da dariya, irin wadda ake yi don a tayar da wasu. Ba wanda ya taya shi.

"Rumfa! A gaban ginina? A kawo masu tuyar ƙosai ma mana." Ya girgiza kai yana kallon dattawa. "Ku yi mata uzuri. Ba laifinta ba ne, ta makara zuwa makaranta. Wanda ya fara ABCD da ƙirjin budurci, tunaninsa ba ya wuce rumfa."

Na ji fuskata ta ɗau zafi fiye da gilashin. Ban ce komai ba. Ba don na rasa ba. Na ji muryar janaretan ta canja daga ƙasa, ta fara wannan tarin da na yini ina jira.

Ya yi tari. Ya sake yi. Ya mutu.

Masu karatu, ban taɓa sanin shiru na da daɗi haka ba.

Ɗakin da ba taga mai buɗewa, gilashi ya sha rana ya ƙoshi, baƙin kwano a sama. Kafin a gama cewa a kira mai gyara, dattawa sun fara fifita da hula. Gumi ya tsattsafo wa Abdussamadu a goshi, ya gangaro ta gefen kunne, ya taru a haɓa, ya ɗiga a kan shuɗiyar suwaita. Hannunsa ya kai kan maɓalli na farko. Ya ga ina kallo. Ya sauke hannun. Haka ya zauna yana dahuwa a cikinta, turarensa ya gauraya da wani abu dabam, yana danna waya kamar akwai sanyi a ciki.

Malam Tamba ya ce, "Injiniya, tuɓe rigar sanyin mana, kar mu ɗauke ka."

"Na saba," in ji shi, murya a shaƙe.

Muka sauko. A gaban ginin ba wurin tsayawa, sai muka zaga bayansa ta gabas inda inuwa ta faɗi, aka shimfiɗa buhuna. Nan taron ya ƙarasa, a ƙasa, iska na ɗan kaɗowa daga fadama. Baba bai dube ni ba. Ya daɗe yana murza tafinsa, sannan ya ce da ƙasa, ba da ni ba:

"Ita ƙofata hwa? Kin ce a rufe."

"A rufe ta ɗaki, Baba, inda na'urori da ma'aikata suke. Kai kuma a sa maka kujera da tabarmi a rumfar. Ita ba ta da ƙofar da za a ce ka rufe. Duk wanda ya taso daga Gulma ko Zauro, tun daga titi zai hango ka."

Ya ce za su yi shawara. Kar ku ɗauka tafi aka yi mini. Ina haɗa jakata na ji wani dattijo yana ce wa na kusa da shi, "Gaskiya tag gaya, amma ɗiya ta tsinka mijin da za ta aura gaban mutane? Wanga zamani." Shi kuwa gogan tuni ya shige mota ya tayar da inji.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Inna zaune bakin gado, kwandon goro a gabanta ta janyo shi fili.

"Kin kyauta. Kin kyauta, Mansura. Ƙannenki na unguwa duk sun yi ɗiya biyu-biyu. Allah ya kawo mai rufa miki asiri, kin tahi kin tuɓe shi gaban dattawa. Don mi? Don kwano da fenti?"

Nazifa daga bakin ƙofa ta ce, "Inna, ai an ce bai tuɓe ba."

Wannan karon Inna ba ta jefe ta da komai ba. Kuka ta fara, marar sauti, tana share ido da bakin zane. Wannan ya fi mini zagin Abdussamadu ciwo. Inna ba sanyin esi take so ba. So take ta daina sunkuyar da kai in an tambaye ta ni a gidan biki. Na zauna kusa da ita, ta janye ƙafarta.

Wayata ta yi ƙara. "Kin ba ni kunya. Amma na yafe, ƙuruciya ce. Gobe ki kira Baba ki ce na'urarki ce ta samu matsala."

Ban rubuta "to" ba. Ban rubuta komai ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar, ina tsince shinkafa a tsakar gida, na ji sallamar Baba Ummaru. Nazifa ta shimfiɗa masa tabarma a gindin bango. Inna ta fito da lulluɓi ta zauna nesa kaɗan. Daga waje ana jin rurin injin mota, bai tsaya ba.

"Shi yak kawo ni," in ji Baba. "Shina waje. Na ce shi shigo, ya ce zahi. Ya ce in yi miki hwaɗa, ki hito ki ba shi haƙuri, gobe a raba goro."

Na ajiye faifai na durƙusa.

Ya buɗe tafinsa yana kallo, kamar har yanzu gilashin na manne a jiki.

"Jiya na ce kin yi shiru, ashe ba ki hwara ba. Da ba ki tare ni ba, da na sa mutane sun sayi abin da ba shi ne ciwonsu ba, da sunana." Ya numfasa. "Na kwana ina tunani. Ran da anka kawo goro ma, haka nic ce. Kin yi shiru, na tahwa hannu." Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun Argungu. "Ran nan, Mansura, kin gama ko ba ki hwara ba?"

Inna ta ce, "Malam, don Allah..."

"Bari ta. Yau ba ni tahwa hannu. Ko magariba za ta kai, ina zaune."

Ya kuwa zauna. Kaji suna tsattsagar shinkafar da na zubar, ba wanda ya kore su. Na jera kalmomina ɗaya bayan ɗaya, ba mai katse ni, na tarar ashe ba su da yawa.

"Ban fara ba, Baba. Ba na son shi. Bai taɓa jin abin da na ce ba, don bai taɓa jira in ce ba."

Inna ta rufe fuska da mayafi. "Wa zai sake zuwa? Ki gaya mini, wa?"

"Ban sani ba, Inna."

Gaskiyar ke nan, kuma ba ta yi wa kowa daɗi ba, har ni.

Sannan Baba ya ce wa Nazifa ta ɗauko kwandon. Ta kawo, buhun na ɗigar da ruwan safe. Ya ɗaga ya duba, goro na nan jajir, ko ɗaya bai yi ƙwari ba, Inna ta yi renonsa da kyau. Ya mayar ya rufe.

"Wanga ni za ni maida ma iyayenai, maza sunka kawo, maza za su maida. Kunyar tawa ce, ni nit tahwa hannu." Ya nuna zaure da haɓa. "Amma shi yaron, da bakinki za shi ji. Kar gobe shi zaga gari shina cewa shiru kika yi."

Na tashi. Na zura hijabi, na bi ta zaure, inda tabarmar da aka taɓa shimfiɗa masa take naɗe a jingine tun ranar farko. Motar na ƙofar gida, baƙin gilashi a rufe ruf, ruwan esi na ɗiga ƙarƙashinta ya yi 'yar kwata a cikin ƙasa. Matan maƙwabta sun leƙo ta kan katanga.

Na ƙwanƙwasa.

Gilashin ya sauka kaɗan, iya hanci. Sanyi ya bugi fuskata tare da turare. Suwaitar yau baƙa ce.

Ya yi murmushi. "Na san za ki fito. Ba sai kin ce komai ba, gimbiya, na fahimta. Shigo ki sha sanyi."

Na sa hannu a kan gefen gilashin, yadda ba zai iya ɗaga shi ba sai ya datse mini yatsu.

"Kashe motar, Abdussamadu," na ce. "Magana zan yi, kuma sai na gama."